Kiran Na'ura: Sanarwa Daban, Talla Daban

Kamfanoni da dama a Najeriya sun rungumi tsarin naɗar murya sau ɗaya, sannan na'ura ta kira dubban abokan hulɗarsu a lokaci guda. Amfaninsa a bayyane yake. Saƙon tes ba ya isar da komai ga dattijon da bai iya karatu ba, amma murya cikin Hausa, Yarabanci ko Igbo tana shiga kunnensa. Kamfanin lantarkin da zai ɗauke wuta domin gyara, ko asibitin da ya ɗage ranar ganin likita, na iya sanar da kowa cikin 'yan mintuna.

Sai dai an fara mayar da wannan hanya kasuwar talla. Wanda aka tasa daga barci domin a tallata masa rance, gobe ba zai amsa baƙuwar lamba ba, ko da kiran ya shafi lafiyarsa. Ga kuma 'yan damfara da ke fakewa da sunan banki suna neman lambar BVN da lambobin sirri.

Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta samar da lambar 2442 domin toshe saƙonnin da ba a nema ba, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta bai wa ɗan ƙasa damar hana amfani da bayanansa wajen talla. Saura aiwatarwa. Wajibi ne hukumar ta tilasta kowane irin wannan kira ya fara da sunan kamfanin, ya fito daga lamba mai rajista, a kuma hana shi cikin dare.