Kullum Mu Ake Ɗura wa Maganin

A Ruwan Bore, idan aka ji a rediyo cewa gwamnati ta ɓullo da sabuwar dabarar maganin ɓarayin daji, ba murna muke fara yi ba. Rumbu da aljihu muke fara dubawa, mu ga da me za a raba mu a wannan karon. Shekarun nan sun koya mana cewa ɓarawo ne ke da ciwon, amma bakin talaka ake buɗewa a ɗura maganin.

A watan Fabrairun 2019 sunan garinmu ya shiga jaridun Legas da Abuja, saboda cikin waɗanda 'yan bindiga suka kashe a nan har da 'yar'uwar wani sanata. Kafin ranar an kashe wasu, bayanta ma an kashe wasu, ba a buga ba. Mun faɗi wannan ne don kada wani ya zaci ba mu san zafin abin ba, ko muna ƙyashin a ɗauki mataki. Mu ne ke binne gawarwakin.

A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle. An ce na mako biyu ne. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, an hana safarar dabbobi, an taƙaita hawan babur. Da yawa daga cikinmu mun goyi baya, kuma ba za mu ɓoye ba. Mun san akwai masu tsegunta wa ɓarayi ta waya: wane ya sayar da shanu, wance ɗanta ya aiko da kuɗi, sojoji sun bi ta hanya kaza. Muka ce in dai wuya ta mako biyu za ta kawo barci da ido biyu rufe, a kawo ta.

Mako biyu ya zama wata guda kafin a maido wa birnin Gusau sabis a farkon Oktoba. Mu na ƙauye sai da muka doshi ƙarshen Nuwamba. A tsakanin nan, idan an ga babura sun ɓullo daga daji, babu yadda za a yi a sanar da ƙauyen gaba su gudu, babu yadda za a kira jami'an tsaro. Mai naƙuda ta tsananta da dare, ba waya, ba fetur, babur kuma doka ta hana. Ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal ya yi makonni bai san ko uwarsa na da rai ba. Masu hali suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su yi waya ta minti biyar, har aka katse can ma. Mai akuya ɗaya da ya saba kai ta kasuwar Mada ya auno hatsi, ya zauna da akuyarsa da yunwarsa. Kuma abin ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba.

Ɓarayin fa? Wanda ke da kuɗin sayen bindiga, jarkar mai ba za ta gagare shi ba. Tsada kawai ta yi, kuma daga jikinmu ya fanshe. Da aka maido da sabis suna nan inda aka bar su, suna ɗora wa ƙauyuka harajin noma da na girbi.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne har yau babu wanda ya tsaya gaban jama'a ya yi lissafi: ga abin da katse waya ya saya mana, ga abin da ya ci. Ko ɗan tireda yana zama da dare ya ƙirga riba da faɗuwa. An gwada abu a kan miliyoyin mutane kusan wata uku, aka naɗe tabarma aka wuce.

Shekara ɗaya bayan nan, a watan Oktoban 2022, gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Cikin dalilan da aka bayar har da hana biyan kuɗin fansa. Mu ne dai kuma. Aka ce kowa ya kai tsofaffin kuɗinsa banki, ya koma tiransifa ta waya. Wace wayar? Wadda aka katse mana bara? A Ruwan Bore babu banki. Sai mutum ya ɗauki ransa a hannu ya bi hanya zuwa Gusau, ya yi sammako ya shiga layi, la'asar ta yi a ce masa babu sababbin kuɗi. Masu POS suka koma sayar da naira da naira. Tsohuwa mai ƙosai da ba ta taɓa riƙe katin banki ba aka ce ta karɓi tiransifa. Manomi ya karyar da buhun masara ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi a hannu. Ɓarayi kuwa ba su fasa satar mutane ba. Ba ranar aka fara jin sun ce a haɗo musu da sabon babur da katin waya da buhun shinkafa ba.

A nan gwamnatin jiharmu ta shiga sahun Kaduna da Kogi ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kuma a ranar 3 ga Maris 2023 kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Mun ji daɗin hukuncin. Amma ba mu kasa lura ba cewa tausayin talaka ya motsa ne ana saura makonni a yi zaɓe. Lokacin da aka rufe mana kasuwa da waya, kotu ba ta ji sunanmu a bakinsu ba.

Za a ce mana fasaha ba ta da laifi, kuma gaskiya ne. Mun fi kowa sanin amfanin waya: da ita muke jin farashin waken soya kafin dillali ya iso, da ita ake aiko mana kuɗin taki. Tun Disamban 2020 aka tilasta mana haɗa layukanmu da lambar NIN, muka yi ta jeka-ka-dawo muna biyan kuɗin mota, don an ce da haka za a riƙa gano mai kiran neman fansa. Yau ɓarawo na kira da layi, ya yi ciniki kwana da kwanaki kamar mai sayar da tunkiya, wani ma ya fito a TikTok yana nuna damin kuɗi. A Janairun 2024 shi kansa Isa Pantami, ministan da ya jagoranci haɗa layukan, ya koka cewa ba a amfani da tsarin yadda ya kamata. Ashe na'urar tana iya rufe layin tsohon da bai yi rajista ba cikin daƙiƙa, amma ta makance a kan wanda ya sace matarsa.

Sai ga 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A birni ana maganar a hau motar haya a ajiye ta gida. A nan babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, shi ne kuma abin gudu.

Mu ma da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Masu tsegumin nan ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yanmu ne da maƙwabtanmu. Kuma duk zaɓe muna karɓar taliya da atamfa daga hannun mutanen da ba mu taɓa tambaya ba: da kuka katse mana waya, me kuka kama?

Abin da muke nema bai kai a kira taro a Abuja ba. Kafin a sake rufe kasuwa ko a kashe sabis ko a taɓa kuɗin da ke hannun mutane, a zo Mada ko Tsafe ko Bungudu a zauna da masu unguwanni da 'yan kasuwa da ungozomomi, a faɗi ranar farawa da ranar gamawa, a faɗi lambar da za a kira ko ƙofar da za a buga in an kawo hari cikin dare. Idan wa'adin ya cika, wanda ya sa hannu a takardar ya dawo da kansa ya karanta mana sakamakon a filin kasuwa.