Lissafin Da Bai Tsallako Kogin Kaduna Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina da ƙorafi, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Kwanan baya na shiga wata lacca ta ilmin halayyar ɗan Adam. Malam ya rubuta lamba 2.25 a allo, ya ce wannan shi ne ma'aunin zafin asara a zuciyar mutum. Watau wanda ya yi asarar naira dubu, sai ya ci ribar naira 2,250 kafin daɗin ya kai zafin. Muka kwafa kamar an ba mu laƙani. Da na bincika, sai na tarar Tversky da Kahneman ne suka fitar da lambar a 1992, daga ɗalibai 25 kacal na jami'o'in Stanford da Berkeley a Amurka. To, jama'a, yaushe mutum 25 suka zama 'ya'yan Adam duka?

Ni ɗan Kakuri ne. An buɗe masaƙar KTL a 1957, ta tsaya a 2002, sauran masaƙun kuma suka bi sahu. Unguwarmu cike take da dattawan da suka san asara ciki da bai. In ana son auna zafinta, me ya hana a tsallako kogi a tambaye su?

Ba ni kaɗai ke wannan kuka ba. A 2010 Henrich da abokansa sun nuna cewa kashi 96 bisa ɗari na waɗanda ake gwaji da su a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kawai na mutanen duniya. A 2015 kuma aka maimaita bincike 100, kimanin 36 ne kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi.

Matsala ta biyu ta fi wannan muni. Akwai lissafin da ke da maɓallai barkatai. Duk abin da gwaji ya nuna, sai a murɗa ɗaya ya dace. Roberts da Pashler sun yi gargaɗi a kan haka tun 2000. Babbar riga tana shiga wuyan siriri da ƙato, amma wannan bai nuna tela ya auna kowa ba. Lissafin da ba ya iya faɗin abin da zai ƙaryata shi, duba ne, ba ilmi ba.

Kada wani ya ce ɗalibin Hausa ya tsorata da lissafi. Ban ƙi shi ba. Lamba ta fi surutu, domin ana iya kama ta da ƙarya. Abin da na ƙi shi ne haɗiya ba tauna.

Mu ma muna da laifi. In an zo gwajin a Barnawa ko Sabon Tasha, wa zai tsara tambayoyin? Mutumin da zai amsa da "ba rabona ba ne", ko kunya ta hana shi karɓar kaso mai tsoka, wa zai fassara nufinsa in ba mu ba? Amma muna zaune, mun bar wa wasu.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta nemi sashen da ke koyar da wannan fanni, mu tsara gwajin da Hausa, mu kai shi Kakuri. In lambar ta tsaya, mu sara mata. In ta faɗi, mu rubuta. Gani ya kori ji.

Haza wasalam.