Labulen Intanet: Me VPN Da Tor Ke Rufewa, Me Suke Bari A Fili?

 

Kwanakin baya, bayan an tashi daga karatun dare, wasu ɗalibai suka tsaida mu da tambaya. Ɗayansu ya ce an saka masa VPN a salularsa a kasuwa, mai sakawar kuma ya tabbatar masa cewa daga ranar ba mai iya ganin abin da yake yi. Wani ya ce shi ya ji Tor kayan 'yan damfara ne, shin ya halatta musulmi ya taɓa shi? Malamai suna cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimce shi. Saboda haka za mu fara da bayanin abin da ya faru, da yadda waɗannan kaya suke aiki, sannan mu zo ga hukunci.

A watan Nuwamba na 2020, kafar Motherboard ta Amurka ta wallafa bincike a kan manhajar Muslim Pro, wadda ke nuna lokutan salla da alƙibla, kuma a lokacin an sauke ta fiye da sau miliyan 98. Binciken ya nuna cewa bayanan wurin da masu amfani da ita suke suna tafiya ga wani kamfani mai suna X-Mode, wanda cikin masu sayen hajarsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja da wani abu, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin. A Janairun 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta hana X-Mode sayar da bayanan da ke nuna zuwan mutum wurare irin su asibiti da wurin ibada. Ku dubi wannan, 'yan uwa. Mutum ya buɗe salula don ya san lokacin Asuba, sai sawunsa daga gida zuwa masallaci ya zama haja.

Abu na biyu shi ne toshe hanya. A Chadi an rufe WhatsApp da Facebook daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019, wata goma sha shida. A nan Nijar an yanke intanet na salula kusan kwana goma daga 24 ga Fabrairun 2021, bayan sanar da sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. A Najeriya an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, jama'a suka ruga ga VPN, ministan shari'a na lokacin ya yi barazanar gurfanar da masu keta umarnin, daga baya kotun ECOWAS ta yanke a Yulin 2022 cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Ta wannan ƙofa yawancin matasanmu suka san kalmar VPN, cikin gaggawa, ba tare da sun san hannun wa suka faɗa ba.

To, menene VPN? Idan ka shiga intanet kai tsaye, kamfanin layinka yana ganin kowane shafi ka nufa. VPN kamar ɗan aike ne: ka kulle saƙonka ka miƙa masa, shi ya kai. Kamfanin layi ya daina ganin inda ka nufa, amma ɗan aiken yana gani, ya kuma san daga ina ka fito. Amana ce ka ɗauke daga wani hannu ka damƙa a wani. Idan na kyauta ne, ka tambayi kanka da me mai shi yake ciyar da ma'aikatansa. Facebook ya taɓa mallakar VPN na kyauta mai suna Onavo, wanda ke tattara bayanan manhajojin da mutane ke buɗewa. An fitar da shi daga shagon Apple a 2018, aka rufe shi a 2019.

Tor ya bi wata dabara. Asalinsa bincike ne a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka a shekarun 1990, kuma tun 2006 wata ƙungiya da ba ta neman riba ke kula da shi. Saƙonka ana nannaɗe shi sau uku kamar ɓawon albasa, ya bi ta zango uku na 'yan sa kai a ƙasashe dabam-dabam, kowane zango ya ɓare ɓawo ɗaya. Zangon farko ya san ka, bai san inda za ka ba. Na ƙarshe ya san inda saƙo ya nufa, bai san mai shi ba. Na tsakiya bai san ko ɗaya ba. Doguwar hanyar nan ita ke sa ya yi nauyi, musamman inda layi ba ƙarfi.

Tails kuwa cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta ne, wanda ya fito a 2009 ya kuma haɗe da ƙungiyar Tor a 2024. Ana zuba shi a filashi mai gigabait 8 ko fiye, a tada kwamfuta daga filashin. Duk abin da zai fita intanet sai ya bi ta Tor, da ka kashe kuma ya manta abin da aka yi. Mai son ajiya zai iya buɗe ma'aji mai kulle a cikin filashin, sai dai in ya manta kalmar sirri, abin da ke ciki ya tafi ke nan. An ruwaito cewa da shi Edward Snowden ya yi hulɗa da 'yan jarida a 2013. Ba ya aiki a salula, wadda ita ce a hannun yawancinmu.

Ga wanda ke da bukata, ga abin da muke shawarta. Na farko, ya fara da abin da ba ya cin ko dala: ya shiga saitin salula ya duba waɗanne manhajoji ya ba izinin sanin wurinsa, da ganin lambobinsa, da jin muryarsa, ya janye daga duk wadda ba ta bukata. Manhajar salla za a iya rubuta mata sunan gari da hannu ta ba da lokaci daidai. Na biyu, ya sauke Tor daga shafin masu shi ko shagon manhajoji na hukuma, kada ya karɓi wanda aka turo masa ta WhatsApp ko aka zuba masa a rumfa, domin gurɓataccen kwafi ya fi rashinsa haɗari. Na uku, Tor yana da matakan tsaro uku, kuma duk wanda ka hau, wasu shafukan za su rage aiki. Na huɗu, inda aka toshe Tor kansa, akwai abin da suke kira gada, irin su Snowflake, da ake kunnawa a saitin haɗi.

Sai kuma iyakokin da ba a faɗa wa ɗalibinmu a kasuwa ba. In ka shiga Facebook da sunanka ta cikin Tor, ka rufe fuska ne ka ɗaga murya kana faɗin sunan babanka. Layinka yana da rajista da sunanka, kamfani ya san turken da kake kusa da shi, kira da saƙon waya na yau da kullum ba sa cikin labulen. In kuma aka yanke intanet na salula baki ɗaya, kamar yadda muka gani a 2021, ba VPN ba Tor. Mai kasuwar ɓoye ta Silk Road, da aka kama a Amurka a Oktoban 2013, yana cikin Tor, amma cikin abin da ya tona shi akwai adireshin imel mai ɗauke da sunansa da ya taɓa rubutawa a fili. Kowane allazi da nasa amanu.

Yanzu hukunci. Shari'a ta girmama sirrin mutum. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana binciken asirin juna, aya ta 27 ta Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Wanda ya kare lambobin iyalinsa, da hotunan matarsa, da asusun kuɗinsa, kamar wanda ya yi wa gidansa katanga ne. Ɗan jarida mai kare wanda ya ba shi labarin zalunci, da likita mai riƙe da sirrin majiyyaci, amana suke tsarewa. Kayan aiki suna ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da su. Wanda ya shiga bayan labule don damfara, ko kallon alfasha, ko cin mutuncin malami ko maƙwabci da sunan aro, zunubinsa yana nan yadda yake, har da ƙarin ƙarfin halin da ɓuyar ta ba shi. Kuma kowa ya san dokar ƙasar da yake zaune, kada ya jefa kansa da iyalinsa cikin abin da ba zai iya ɗauka ba.

Muna kira ga iyaye da malaman makarantu su san waɗannan sunaye, domin yaro zai iya saka su ya kauce wa duk wani shinge da aka yi masa. Abin da zai tsare shi a wannan hali shi ne tarbiyyar da ta koya masa cewa Wanda ya halicce shi yana ganinsa a zango na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ɗalibin da ya fara tambaya mun ce masa ya je ya duba sunan kamfanin da ya mallaki VPN ɗinsa, da ƙasar da yake, kafin ya sake kunna shi.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau. Allah ne mafi sani.