Kafin ka sayi na'urar ɗumama ɗaki, juya ta ka karanta bayanta

Ƴan uwa, ɗari ya shigo. Daga Disamba zuwa Janairu, dare a Maine-Soroa da Diffa yana sauka ƙasa da digiri 15, masu kwana kusa da Komadugu kuma sun fi kowa sanin yadda iskar asuba take shiga ƙashi. Lokacin ne ƴan kasuwa ke fito da na'urorin ɗumama ɗaki masu aiki da kuran, kowa yana rantsuwa cewa tasa "ba ta shan wuta". Ni dai na ce a daina yaudarar mutane da wannan magana.

Duk na'urar da ke ɗumama ɗaki ta hanyar zafafa waya, ko mai fanka ce, ko mai jan sanda, ko mai mai a cikinta, abu ɗaya take yi: kuran ɗin da ta sha, shi take mayarwa zafi, ba ƙari ba ragi. Mai wat 2000 ta jaka goma da mai wat 2000 ta jaka hamsin, kontar ba ta bambanta su. Don haka lambar da ke rubuce a bayan na'urar, wadda W ke biye da ita, ta fi duk zaƙin bakin mai shago gaskiya.

Mu yi lissafi. Wat 2000, awa 8 kowane dare, kilowat-awa 16 ke nan. A wata, 480. Daidai yake da ka kunna ampul 200 masu wat 10 a lokaci guda, ka je ka kwanta. Wa zai yi haka da hankalinsa? Amma da yake na'urar ƴar ƙarama ce, tana lafe a lungu, ba mai jin tsoronta sai ranar da faktir ya zo.

Bambancin da ke tsakaninsu na gaske shi ne inda zafin ke zuwa. Mai fanka iska take ɗumamawa, da sauri kuwa, amma iska mai ɗumi sama take hawa. A ɗakin da aka rufa da kwano ba silin, ga tagar ƙarfe mai kafa, ga ƙarƙashin ƙofa a buɗe, to tsakar gida kake ɗumamawa da kuɗinka. Mai mai a ciki tana jinkirin yin zafi, tana jinkirin hucewa, kuma idan tana da abin da ke kashe ta da kanta in ɗaki ya yi ɗumi, ta dace da ɗaki rufaffe, irin na mai jego ko tsoho. Mai jan sanda kuwa kamar hantsi take: jikin wanda ke gabanta take gasawa kai tsaye. Sanda ɗaya yawanci wat 400 ne. Ga ɗalibin da ke bitar karatu bayan isha, ita ce ta fi ma'ana, muddin ba a bar ta kusa da gidan sauro ko katifa ba.

Guda ɗaya ce tal ta fi sauran da gaske: kilim mai juyawa, wanda ke sanyaya ɗaki da bazara, ya ɗumama shi da ɗari. Shi jawo zafi yake daga iskar waje, don haka yana iya ba da kusan ninki uku na abin da ya sha. Sai dai mu nawa ne ke da shi?

Abin da ya sa na kawo zancen a wannan shafi shi ne kuran ɗin namu ne gaba ɗaya. Akasarin wutar yankinmu daga injuna masu ƙona mai take fitowa, injin gazuwal kuma abin da yake mayarwa kuran bai cika wuce kashi 40 cikin 100 na ƙarfin man ba, saura hayaƙi da zafi. Wato a ƙona mai, a zubar da fiye da rabi, a turo ragowar ta waya, mu kuma mu sake mayar da shi zafi ya fice ta rufi. Gida 50 a unguwa su kunna tare, kilowat 100 ke nan a kan layi ɗaya, layin da tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara ke ci da shi. Muna da haƙƙin tuhumar NIGELEC kan ɗauke wuta, kuma za mu ci gaba, amma wannan nauyin mu ne ke ɗora shi.

Kada kuma wani ya ce to bari in koma gawayi. Kaskon gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci. A ji ɗumi a waje, a bar kaskon a can.

Kafin a sayi komai, a toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, a rataya labule mai kauri, a shimfiɗa tabarma a kan siminti, a ƙara bargo, a sa wa yara hula da safa. Wanda dole sai ya saya, ya nemi mai ƙaramin wat, mai kashe kanta in ta faɗi. Kuma don Allah kada a jona ta a siririyar wayar ƙari ta cajin salula: wat 2000 yana jan kusan ampa 9, irin waɗannan wayoyi narkewa suke yi.