Wa Ya Fara Duniya?

A zaurukan malaman Maiduguri ana karantar da tauhidi da Ummul Barahin, littafin Shehu Sanusi na Tilimsan wanda ya rasu a 1490. Hujjarsa gajera ce: duniya tana sauyawa tsakanin motsi da tsayuwa, mai sauyawa fararre ne, fararre kuwa ba ya farar da kansa.

A 1929 Edwin Hubble ya nuna tarin taurari na nesa suna ƙara nisa da mu, daga baya masana suka ƙiyasta shekarun halitta da biliyan 13.8. Madalla. Amma mai karatu, kada mu rataya imaninmu a wuyan na'urar hangen nesa, domin ƙiyasi yakan canja. Tambayar zaure kuwa tana nan daram: wa ya fara?