Hayiti: waƙa daban, buhun shinkafa daban

Jama'a, yau za mu ƙetare teku zuwa Hayiti, ƙaramar ƙasar nan ta baƙar fata da ke kudu maso gabashin Amurka. Mutanenta jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka, waɗanda suka kori Faransa da ƙarfin tsiya, suka ayyana ƴancin kansu ran 1 ga Janairu 1804. Ran 12 ga Janairu 2010 girgizar ƙasa ta rugurguza Port-au-Prince, babban birninsu, har gwamnati ta ce mutum sama da 200.000 sun rasu. Bayan wannan bala'i ne ayarin ƴan mishan suka yi ta kwarara cikin ƙasar, da yawansu kuwa da kayan kiɗa suka zo.

Tsarin kusan ɗaya ne. Wata majami'a ta Amurka ko Kanada ta haɗa mutanenta su zo na mako guda ko kwana goma, da gita, da fiyano, da lasifika, da injin wuta. A samu fili a kafa kaya, a yi ta waƙa har jama'a su taru, sannan mai wa'azi ya hau, tafinta yana juyawa cikin Kreyol, harshen talakan ƙasar. Wani lokaci kuma a biyo da rabon abinci ko tufafi. Ɗaya daga cikin manyan tarukan shi ne na Janairu 2011, sa'ad da Franklin Graham, ɗan shahararren mai wa'azin nan Billy Graham, ya tara dubban mutane a filin ƙwallo na Sylvio Cator, tare da mawaƙa daga Amurka da na cikin gida.

Mu dai ba mu da ja da waƙar. Mafi yawan ƴan Hayiti Kirista ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi kira zuwa ga abin da ya gaskata. Mu ma'aikatan radiyo mun san abin da waƙa ke yi wa zuciyar da ke cikin baƙin ciki, mun fi kowa sani. Sai dai kai wa ɗan Hayiti waƙa kamar kai albasa Galmi ne. Daren da ƙasa ta girgiza, waɗanda suka tsira sun kwana bisa titi suna rera waƙoƙin addu'a, ba lasifika, ba baƙo ko ɗaya. Suna da kiɗan kompa da na rara, suna da tashoshin bishara nasu: Radio 4VEH tun 1950, Radio Lumière tun 1959. Baƙon da ya zo da gitarsa, in yana da hankali, zai fara zama ya saurara tukuna.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da waƙa ta haɗu da buhu. Idan muka sa waƙar da ba ta yi miki ba, Hajiya, sai ki murza akwatinki ki koma wata tasha, ba wanda zai hana ki tuwon dare. To matar da gidanta ya rushe, da yara huɗu cikin tanti, ta ji an ce bayan waƙa za a raba shinkafa, wace tasha za ta murza? Za ta zauna, za ta tafa, in an ce a ɗaga hannu za ta ɗaga. Baƙo ya ƙirga hannuwa, ya koma gida ya ce an samu tuba. Allah kaɗai ya san hannu nawa ne na imani, nawa ne na yunwa. Duk wanda ya ga layin rabon cimaka a Maraɗi ko Damagaram cikin 2005 ya san mai jin yunwa ba ya musu da mai riƙe da tiya.

Ba zargi muke ƙirƙira ba. Cikin 2010 Max Beauvoir, jagoran masu bin addinin gargajiya na Vodu, wanda gwamnati ta amince da shi a hukumance tun 2003, ya koka cewa ana nuna wa mutanensa bambanci wajen rabon taimako. A ƙarshen Janairu na shekarar kuma aka kama Amurkawa 10 ƴan mishan a kan iyakar Jamhuriyar Dominika da yara 33, wai marayu. Da aka bincika, yawancin yaran iyayensu na raye. Sun miƙa su ne don an yi musu alkawarin makaranta da abinci. Waɗannan ba mawaƙa ba ne, amma labarinsu ya nuna iyakar “na yarda” a bakin wanda ya rasa komai. Gaskiya ɗaya ce, akwai waɗanda suka yi aikin kirki. Ƙungiyar Samaritan's Purse ta shi Graham ɗin ta buɗe wuraren jinya lokacin da kwalara ta ɓarke a Oktoba 2010, an kuma ceci rayuka a wurin.

Shi kansa buhun yana da magana, kuma nan ne ya shafe ku ƴan kasuwa. A Hayiti akwai mata da ake kira Madan Sara. Su ke shiga ƙauyuka su sayi wake, da ayaba, da doya, da shinkafa, su hau bayan manyan motoci su kawo birni. Ba don su ba da birni bai ci ba. A 1995 aka matsa wa ƙasar ta rage kuɗin duwan na shinkafar waje daga kashi 35 cikin 100 zuwa kashi 3. Shinkafar Amurka mai araha ta cika kasuwa, manoman kwarin Artibonite suka durƙushe. A Maris 2010 Bill Clinton da bakinsa ya amsa cewa manoman jiharsa ta Arkansas sun amfana, amma matakin kuskure ne. Cikin wannan wata shugaba René Préval ya yi kashedi cewa in aka ci gaba da turo abincin kyauta, zai kashe noman gida da kasuwancinsa. Ku da kanku kun san lissafin: ranar da aka raba tsaba kyauta a bakin kasuwa, mai tiya sai ta naɗe tabarma. Ayarin da ya cika kwantena da shinkafa da gwanjo daga ƙasarsa, ko da zuciya ɗaya ya yi, a kan cinikin Madan Sara ya sauke shi.

Yanzu ayarin sun ragu ƙwarai saboda rashin tsaro. A Oktoba 2021 ƴan bindigar 400 Mawozo suka sace ƴan mishan 17, har da yara 5, sai a Disamba na ƙarshensu suka kuɓuta. A Mayu 2024 aka kashe wasu matasa ƴan mishan, miji da mata, tare da ɗan ƙasar da ke jagorantar aikinsu. Baƙi na da jirgin komawa. Waɗanda suka rage su ne mawaƙan majami'un unguwa, da tashoshin radiyo, da matan nan da ke biyan kuɗi a shingayen ƴan bindiga kafin su shigo da kayansu birni.

Ranar da hanya ta buɗe baƙin suka dawo, abin da muke roƙonsu ba shi da wuya. A yi waƙa yau a fili, mai so ya zo. A yi rabo gobe a wani wuri dabam, kada a tambayi kowa addininsa ko a nemi ya ɗaga hannu. A ba mawaƙan gida makirufo, a biya su ladan aikinsu. Shinkafar kuma ta zama ta Artibonite, a saye ta a hannun Madan Sara bisa farashin kasuwa.