Da Za A Ba Ni Zaɓi, Baturiya Zan Tafi



Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya mana dare domin hutu, rana domin nema. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, kwanakin baya muna gab da rufe Islamiyya sai na tambayi ɗalibaina na babban aji: da za a ba kowannenku kuɗin mota da guzuri, a ce ya zaɓi wuri ɗaya a cikin Nijeriya ya je ya huta, ina zai nufa? Na farko ya ce Dubai. Da aka gama dariya aka tuna masa cewa Dubai ba a Nijeriya take ba, sai ya ce to Abuja. Saura suka bi sahu, wannan ya ce Legas, wancan ya ce Kano. Babu ko mutum ɗaya da ya ambaci wani wuri a Jigawa. Da na matsa musu da tambayar dalili, sai na gane cewa ba hutu suke mafarki ba, hoton da za su ɗora a Facebook suke mafarki. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya dace ni ma in amsa tambayar a nan.

Kafin nan, bari in kawar da wata shubuha. Akwai masu ganin cewa tafiya hutu aikin masu kuɗi ne da 'yan boko, kuma bai kamaci mai addini ba. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya ƙara musu yarda, sananniya ce: Salmanu ya iske ɗan'uwansa ya takura wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tilasta masa ya ci abinci ya yi barci, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. To idan an hana mutum ya karya jikinsa da ibada, ina ga wanda yake karya shi da neman duniya? Abin tambaya kawai shi ne: ina za a je, kuma da wane ma'auni za a zaɓa?

Ma'aunina guda uku ne. Na farko, wurin ya ba ka abin da ka rasa a gida. Na biyu, kada ya jefa ka cikin bashi. Na uku, ka dawo da wani sani da ba ka tafi da shi ba.

Mu ɗauki na farko. Me mutumin Sule Tankarkar ya rasa? Ba hayaniya ba, domin duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba ma ƙishirwarta. Abin da muka rasa shi ne ruwa. Ƙasarmu rairayi ce, ta gero da riɗi da zoɓo. Babu kogin da ya ratsa mu, kuma tafkunan damina ba sa daɗewa bayan kaka. Da yawa daga yaranmu ba su taɓa shiga kwalekwale ba. Wanda ya bar wannan ya tafi Legas ya zauna cikin cunkoson motoci, gajiya ya sauya wa wuri.

Ba na musun cewa Allah ya albarkaci ƙasar nan da wurare masu ban sha'awa. Ga Yankari a Jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, daji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, da giwaye, da ruwan ɗumi na Wikki wanda ɗuminsa yake tsayawa wajen digiri 31 rani da damina. Ga tsaunin Mambila a Taraba, inda ake noman ganyen shayi, sanyi kuma ba ya yankewa. Duk ina son in gan su in Allah ya yi tsawon rai. Sai dai a nan ma'auni na biyu yake shigowa. Daga nan zuwa Yankari wuni ne cur a mota, Gembu kuwa sai ka kwana a hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Malamin makaranta irina da ya ce lallai sai can, ko dai ya ci bashi, ko ya mutu da mafarkinsa. Hutun da za ka dawo kana ɓuya wa mai binka kuɗi kuwa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka zaɓina shi ne dausayin Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ta masarautar Haɗejiya. Ka tashi daga nan da hantsi, ka bi ta Gumel da Malam Madori, ka yi sallar azahar a Haɗejiya. Sau ɗaya na taɓa zuwa yankin, wajen ɗaurin auren wani abokina na jami'a, kuma abin da na gani bai bar ni ba har yau: ruwa shimfiɗe iyakar ganinka, goriba da bagaruwa tsaye a bakinsa, masunta suna jefa birgi, shanun Fulani suna kiwo a fadama cikin tsakiyar rani, ga kuma tsuntsaye. Ɗinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela, da wasu da ban san sunansu ba, idan suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar iska ce ta taso. Na yi ta mamakin a ce jiha ɗaya muke da waɗannan mutane.

Ga kuma sanin da ake dawowa da shi. Wannan dausayi ya samu ne saboda kogin Haɗejiya da na Jama'are suna rarrabuwa su malale a tsakanin tsoffin tuddan rairayi, kafin su haɗu su zama kogin Yobe da yake nufar Tafkin Cadi. Wasu daga tsuntsayen da za ka gani a lokacin hunturu baƙi ne: daga Turai suke tasowa idan sanyi ya tsananta, su keta Sahara ba guzuri ba ɗan jagora, su sauka a nan, sannan su koma idan zafi ya kama. Mai hankali ba zai kalli wannan ya kasa yin tasbihi ba. Duniya ta san darajar wurin: a 2008 aka sanya Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a 2020 kuma hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗejiya, Nguru da Bade a matsayin keɓantaccen muhallin halittu. Baƙi suna tasowa daga nesa domin ƙidayar tsuntsayensa, mu da muke maƙwabta ko sunansa ba mu riƙe ba.

Akwai kuma abin da ya sa nake ganin bai kamata a yi ta jinkiri ba. Dausayin ba kamar yadda kakanni suka san shi yake ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin malalar ruwan ya sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su, wani gefe yana fama da ambaliya, wani yana bushewa. Ga saran itace. Mutum ba ya kare abin da bai sani ba. Matashin Jigawa da bai taɓa ganin Baturiya ba, ranar da ya zama ɗan majalisa ko kwamishina, da wane bakin zai yi magana a kanta?

Adalci ne in faɗi naƙasun zaɓina. Kada ka tafi da tsammanin jin daɗin babban otal. Ka shirya kwana a Haɗejiya, ko wajen wanda ka sani. Akwai sauro, don haka gidan sauro wajibi ne. Kada ka je da damina, lokacin da hanyoyi kan yanke. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa. Idan ka isa, ka fara gaida mai gari, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, kada kuma ka shiga kwalekwalen da aka cika maƙil. Wanda ya ce shi gado mai laushi da na'urar sanyaya ɗaki ne hutunsa, ba zan yi jayayya da shi ba. Ni dai shiru nake nema, da ruwa, da soyayyen kifin Haɗejiya.

Ƙarin fa'ida ga ɗalibai: a mazhabar Malikiyya tazarar ƙasaru baridi huɗu ce, wato wajen kilomita 80, kuma tafiyar nan ta haura haka. Idan ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, to ƙasaru za ka yi. Ka ga darasin da muke yi a aji ya fito fili.

Na riga na gaya wa ɗalibaina su fara tara ɗan abin da ya sawwaƙa, da izinin iyayensu. In Allah ya kai mu hunturu, mota ɗaya za mu ɗauka. Kai fa, ɗan'uwa mai karatu, wane wuri ne yake kusa da kai da ba ka taɓa takawa ba?

Allah ya sa mu dace, ya tsare mu a tafiya da zama. Wallahu a'alam.